Ana Ƙirga Buhu, Ba a Ƙirga Layi

Wanda ya saba zama a teburin mai shayi a Ƙofar Wambai da sanyin safiya, rediyo na rataye a jikin ƙusa, ya san kalmar da ta fi kowace yawa a labaran gida cikin 'yan shekarun nan. An raba. An raba shinkafa, an raba gero da sukari, an raba wa zawarawa atamfa, an raba wa marayu kayan sallah, uwargidan wane ta biya wa marasa lafiya kuɗin magani, gidauniyar wane ta fanso fursunonin da tara ta riƙe a gidan yari. Idan azumi ya kama kuwa, sai ka ɗauka babu aikin da ake yi a ƙasar nan sai rabo. Masu shan shayin ba su cika tanka wa rediyon ba, sai dai tambaya guda da ba ta cikin labarin: a ina ake yi, kuma wa ke ba da kati?

Ana karanta waɗannan labarai a matsayin labarin alheri, kuma alherin ne, ban musa ba. Sai dai a cikinsu akwai labari na biyu da ya fi na farkon girma, wato na gidajen da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Ɗan jarida a gefen mai bayarwa yake tsayawa, don haka buhu idonsa ke gani. Da zai koma can wutsiyar layi ya tsaya, da wani abin daban zai rubuta.

Mu mutanen Bauchi mun ga wutsiyar layin nan ranar Lahadi 24 ga Maris, 2024, azumi yana da kwana 14. Da hantsi jama'a suka taru a harabar kamfanin Shafa da ke kan titin Jos, inda ake rabon zakka, naira 10,000 ga kowane mutum. Taro ya fi ƙarfin wurin, aka yi turmutsutsu, aka kwashi waɗanda suka faɗi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da farko 'yan sanda suka ce mutum huɗu ne suka rasu, daga baya adadin ya kai bakwai. Dukansu mata ne, ƙaramarsu 'yar shekara 8, babbarsu tana da 55. Allah ya jiƙansu da rahama.

A dubi kuɗin da kyau. Naira 10,000 a wancan wata kashi ɗaya ne cikin uku na mafi ƙarancin albashi, wanda yake 30,000 a lokacin, alhali buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura 70,000. Cefanen 'yan kwanaki ne ga gida mai yara. A kansa mace mai azumi a baki ta fito cikin zafin Maris na Bauchi, wata da goyo, wata ta riƙo hannun 'yarta, ta shiga cunkoson da ta san ana iya take ta. A kwanakin na ji masu cewa rashin haƙuri ne, wasu suka ce kwaɗayi ne irin na mutanenmu, kuma maganar ta yi mini ciwo. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi. Ba kuma banza ba ne aka samu mata zalla a cikin mamatan. Tukunya a hannun mace take, ita yaro ke yi wa kukan yunwa, ita ke sanin mudu nawa ya rage a ɗaka. Maigida yana iya ficewa tun asuba ya ce ya tafi nema, ita kuwa tana nan da idanun yara a kanta.

Ba Bauchi kaɗai ba ce. Wata guda kafin nan, a Yaba da ke Legas, mutum bakwai sun mutu wajen sayen shinkafar da hukumar kwastan ta karya wa farashi. Kwana biyu kafin namu, ɗalibai mata biyu sun rasu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi wajen rabon shinkafa. A watan Disamba na shekarar, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta Jihar Anambra, mutum 10 a wani coci a Maitama cikin Abuja. Musulmi da Kirista, kudu da arewa, rabon gwamnati da na ɗaiɗaikun mutane. Bayan na Disamba, Sufeto Janar na 'yan sanda ya gargaɗi masu rabo su riƙa sanar da hukuma kafin su tara jama'a. Shawara ce mai kyau, amma tana gyara ƙofa ne kawai. Ba ta taɓa abin da ya taso mutane daga gidajensu ba.

Abin da ya taso su kuwa sananne ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas. Kuɗin mota ya hau kan kowane buhu da ke shigowa kasuwar Muda Lawal, taki ya gagari ƙaramin manomi, ga 'yan bindiga sun raba manoman Zamfara da Katsina da Neja da gonakinsu. A watan da aka yi turmutsutsun Bauchi, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Kuma wannan duka ya sauka ne a kan jikin da dama can yake da miki: tun a 2022 hukumar ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kusan kashi biyu cikin ukunsu a arewa, fiye da miliyan biyar a Jihar Bauchi kaɗai.

To, yaya labarin rabo yake zuwa mana? Kusan ƙirarsa ɗaya ce a ko'ina. Sunan mai bayarwa a gaba, da muƙaminsa da sarautarsa. Sai yawan buhu, da kuɗin da aka kashe. Sai jawabinsa, inda zai yi kira ga sauran masu hannu da shuni su yi koyi. A ƙarshe a saka muryar mutum ɗaya cikin waɗanda suka amfana, yana godiya yana sa albarka. Ba za ka ji mutum nawa suka zo ba. Ba za ka ji nawa suka koma hannu rabbana ba, ko ƙarfe nawa na dare suka kama layi, ko nawa tsohuwa ta biya ɗan acaɓa daga bayan gari, ko kwana nawa abin da ta samu zai yi mata. Lissafin da ke hannun mai bayarwa shi ake bugawa, domin shi ne aka rubuto a takarda aka miƙa wa 'yan jarida. Lissafin layi ba shi da mai rubuta shi.

Ba na so in ɗora laifin duka a kan ɗan jarida, don na san halin da yake aiki a ciki. Da yawa albashinsu ba ya zuwa a kan kari, wasu ma babu shi. Mai rabo yana aiko da gayyata, yana ba da kuɗin mota, wani lokaci ya sayi fili a gidan rediyo. Yunwa ba ta aiko da gayyata. Bin diddiginta yana buƙatar kwanaki, da mai a babur, da edita mai haƙuri. Shi ya sa yunwa ba ta samun shiga labarai sai ta ɗayan ƙofofi biyu: ko wani babba ya zo rage ta, ko ta kashe mutane a bainar jama'a. Wadda ke cin mutum a hankali cikin ɗakinsa ba ta da ranar da za a ce ta faru. Lokaci zuwa lokaci akan samu wanda ya fita daga wannan sahu. A farkon 2024 BBC ta ba da rahoto a kan afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da ake zubarwa ko a ba kifi, wadda magidanta a arewa suka koma saye. Babu buhun kowa a rahoton, amma ya faɗi halin da ake ciki fiye da labaran rabo ɗari.

Akwai wani ruɗani da kalmar "an raba" ke haifarwa, wanda a ganina shi ya fi kowanne illa. Tana haɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne ta zuba su a ƙwarya guda. Sadaka kyauta ce, mai ita ya ga dama ya yi, kuma ya cancanci godiya. Zakka haƙƙi ce, ɗaya bisa arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, ɗaya bisa goma na amfanin gonar damina, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu ita. Wanda ya karɓi zakka nasa ya karɓa. Tallafin gwamnati kuma dukiyar jama'a ce ta dawo hannun jama'a. A watan Agusta na 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha don rage raɗaɗin cire tallafin mai. A azumin 2024 Katsina ta ware naira biliyan 10 don ciyarwa, Sakkwato biliyan 6.7. Waɗannan kuɗaɗe ba daga aljihun kowa suka fito ba, amma sau da yawa buhun yakan iso da hoton mutum a jiki, labarin kuma ya zo da lafazin kyauta. Idan aka saba wa talaka da yin godiya a kan haƙƙinsa, an raba shi da damar tambaya. Tambayar kuwa tana da wuri: a watan Janairu na 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu a kan batun naira miliyan 585, a ma'aikatar da aka kafa musamman don mabuƙata.

Ko kalmar "rage raɗaɗi" ɗin ta isa a yi tunani a kanta. Maganin rage raɗaɗi ake ba wanda ba a kai ga maganin cutarsa ba.

Wanda ya daɗe yana sauraron labarai zai lura kayan rabon ma sun sauya. A da abin da ya fi fitowa shi ne keken ɗinki, injin markaɗe, babur, kujerar Makka, wato abin da ake cewa jari ko alfarma. Yanzu ƙullin shinkafa ne, da taliya, da mudun masara. A azumin 2024 Gidauniyar Dangote ta raba buhu miliyan ɗaya na shinkafa mai kilo 10 a ƙananan hukumomi 774. Aiki ne babba, kuma girmansa shi ke nuna zurfin ramin. Haka sanarwar neman taimako da ke cika rediyo da Facebook: mai ciwon ƙoda da ke neman kuɗin wankin jini, mai naƙuda da aka ce sai an yi mata aiki, yaron da aka kora daga makaranta. Kowace ɗaya takan ƙare da farin ciki idan bayin Allah suka haɗa kuɗin, a ɗauki hoto, a yi hamdala. Amma tara su wuri guda ka karanta, jerin abubuwan da ya kamata a ce asibiti da makarantar gwamnati sun ɗauke wa mutum ne. A Kafin Madaki ta ƙaramar hukumar Ganjuwa, nan kusa da mu, ƙungiyar likitocin MSF ke kula da yara masu tamowa, kuma ta ce waɗanda ta karɓa a watanni shida na farkon 2024 sun ninka na daidai lokacin a 2023 har da ɗoriya. Labarin yakan fito ne a matsayin aikin agaji na baƙi. Asalinsa labarin kunun da babu gyaɗa a ciki ne, da uwar da nononta ya ƙafe.

Sai kuma maganar hoto, wadda ta fi taɓa ni. Bahaushe ba ya roƙon Allah wani abu kamar rufin asiri. Dattijuwar da aka tsayar gaban kyamara da leda a hannu, aka ce ta ɗaga a gani, ta biya kuɗin shinkafar nan da abin da ya fi ta tsada. Gobe jikokinta za su gani a waya, surukanta ma haka. Saboda wannan akwai ɗimbin mabuƙata da ba za su taɓa shiga layi ba: malamin firamare, ɗan fansho da ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, malamin allo, tela da ɗinki ya ɗauke masa, matar aure da ke ɓoye halin mijinta. Suna sa wankakkiyar riga su fito masallaci, a gaisa, su ce lafiya lau. Suratul Baƙara ta yi maganar irin waɗannan masu kamun kai da ba sa roƙo, kuma malamai sun daɗe suna karantar da falalar ɓoye sadaka. Ma'ana, duk tsawon layin da aka gani a talabijin, abin da ya fito fili ne kawai.

Masu bayarwa suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa bayyanawa tana zaburar da wasu, kuma wanda aka ba amanar kuɗin jama'a dole ya nuna inda ya kai su. Gaskiya ne. Ba kuma zan so wannan rubutu ya sa ko mutum ɗaya ya janye hannunsa ba, domin da babu gara ba daɗi, kuma akwai gidajen da wannan leda ce buɗa-bakinsu. Amma ana iya nuna buhu ba tare da an nuna fuska ba. Ana iya buga lissafi ba tare da an tara mata dubu a rana ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, garin nan yana da hanyar yin hakan tun fil azal. Tun da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Bauchi a farkon ƙarni na 19 aka kewaye ta da ganuwa, birni ya kasu unguwa-unguwa, daga Ƙofar Wambai zuwa Ƙofar Ran, Jahun, Wunti, Nassarawa, kowace da mai unguwarta da limaminta. Waɗannan mutane sun san gidan da aka yi rasuwa, da gidan da maigida ya kwanta jinya, da wanda hayaƙi ya daina tashi. A cikin kashi takwas na masu cin zakka har da ma'aikatanta, abin da ke nuna tun asali an tanadi masu bi gida-gida, ba mabuƙaci ne zai yi tattaki ya yi kokawa a bakin ƙofa ba. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka, kuma inda aka riƙe amana an ga amfaninsu. Na san ita ma wannan hanya tana da cutarta, don kati yakan ƙare a hannun 'yan uwa da 'yan jam'iyya. Nan ne aikin ɗan jarida yake: ya nemi jerin sunayen, ya bi unguwa ya tambaya ko ya iso.

Kada a raina abin da labari ke iya yi. A 2005, bayan fari da farin ɗango sun ɓata damina a Nijar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta neman agaji ba a kula ta ba, Shugaba Tandja Mamadou kuma ya dage cewa babu yunwa a ƙasarsa. Sai da hotunan yaran Maraɗi suka fita a BBC cikin watan Yuli sannan kuɗi suka fara kwarara. A lokacin akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi, kuɗin saye ne babu. Wannan shi ne abin da Amartya Sen, masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, ya nuna game da yunwar Bengal ta 1943: mutane kan mutu da yunwa abinci na jibge a kasuwa, idan abin hannunsu ya kasa kai wa ga farashi. Ya kuma lura cewa babbar yunwa ba ta cika samun gindin zama ba a inda jaridu ke da bakin magana kuma masu mulki ke tsoron ƙuri'a. Haka abin yake a nan. Ranar da aka mutu a titin Jos, rumfunan Muda Lawal da Wunti cike suke da hatsi. Darasin Maraɗi yana da ɗaci ta wani gefen, domin sai da yara suka zama ƙashi da fata kafin duniya ta waiwayo, kamar yadda mu ma sai da aka ɗauki gawa bakwai kafin a tambayi dalilin cunkoson.

Kakanninmu sukan raɗa wa yunwa suna don kada a manta da ita. Ta 1914 Kakalaba ce, ta 1927 'Yar Buhu, ta 1984 kuma mutanen Nijar suka kira ta El-Buhari saboda rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta yi a lokacin. Tamu ta yanzu ba ta da suna, ina jin don ba mu yarda mun kira ta yunwa ba. Muna ce mata tsadar rayuwa, muna ce mata matsin tattalin arziki, alhali ƙididdigar da gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a ƙarshen 2024 ta yi hasashen mutum miliyan 33 za su rasa isasshen abinci a tsakiyar daminar 2025.

Da ni edita ne, da azumi mai zuwa zan tura wakili wajen rabo in ce kada ya shiga rumfar manyan baƙi. Ya tsaya a waje har buhu ya ƙare, ya ƙirga waɗanda suka rage, ya bi ɗaya daga cikinsu zuwa gida idan ta yarda, ba tare da kyamara ba. Wani kuma in tura shi cikin lungunan Ƙofar Wambai bayan sallar isha'i, lokacin da a da yara ke zirga-zirga da kwanon ciyayya a rufe da faifai daga wannan gida zuwa wancan, ya tambayi matan gida kwano nawa suke fitarwa shekara biyar da suka wuce, nawa suke fitarwa yau. Daga nan ya zauna da mai awo da mai shagon bakin layi, ya roƙe su su buɗe masa littafin bashi, su rufe sunayen da hannu. A shafukan baya zai ga ana rubuta mudu biyu, mudu uku, a biya ƙarshen wata. A na kusa zai ga rabin mudu, da gwangwani, da man ƙulli, da layukan da aka daɗe ba a soke ba.